Ƙullin Yaya Bukar

Da saukar ruwan farko na bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Bukar, wanda mutanen Haɗejiya suka fi sani da Bukar Bahago mai fito. Na daɗe ina cewa zan rubuta wani abu a kansa, kullum sai in samo dalilin ɗagawa. Makon jiya dalilan suka ƙare. Na tsaya a bakin mashigi ina kallon wani manzo daga yamma zai haye ya nufi Kukawa, birnin Barno, mata na guɗa, fatake na ta murna wai manya sun shirya. Sai na ji ɗaya daga cikin masu fiton yanzu yana gaya wa wani baƙo cewa a nan ne da can aka yi wani mai fito da yake buɗe wasiƙun sarakuna yana sayar da sirrinsu. Ya faɗe shi kamar wanda aka yi a gabansa, alhali lokacin ko goyo bai sauka ba. Ban tanka masa ba. A hanyar gida na gane irin wannan shirun ne na yi tun farko, sai na shiga zaure na dama tawada.

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai san yadda ake rayuwa tsakanin manya biyu ba. Ta yamma ga Sakkwato da Kano, ta gabas ga Barno, kowacce tana jin ƙarfinta na ƙaruwa, kowacce tana kallon 'yar'uwarta da gefen ido. Na yamma ba sa wadatuwa in ba kanwa da gishirin mangul da dawakin gabas. Na gabas kuwa in goro ya yi jinkiri, ko turkuɗi, baƙin yadin nan na Kano, ya yanke, sai gunaguni ya tashi tun daga kasuwa har cikin gidajen manya. Suna bukatar juna, kuma abin da ya fi ɓata musu rai ke nan. Doki ya fi komai jawo magana, don a sayar maka da shi bana, baɗi a kwana da fargabar kada ka hau shi ka dawo. Mu da muke tsakiya daga wucewarsu muke ci, daga zarginsu muke shan wuya. In ka je Kano a ce kai ɗan gabas ne, in ka je Kukawa a ce aiko ka aka yi. Mahaifiyarmu Babarbariya ce daga wajen tafki, mahaifinmu kuwa ɗan ƙasar nan ne gaba da baya, saboda haka ni da Bukar tun muna ƙanana kowane ɓangare yana da abin da zai riƙe a kanmu.

Ni aka kai makaranta, shi aka kai ruwa. Ya gaji fito wajen mahaifinmu. In kogi ya cika ya malale fadama, daga tsakiyar damina har bayan kaka, ba mai haye mashigin nan sai ta hannunsa. Mutane su rungumi gora su yi iyo, dabbobi a ja su, kaya kuwa a naɗe su cikin ƙirgi a ɗaure da igiyar kaba, a ɗora kan manyan goruna da aka haɗa da sanduna, mai fito ya tura. Shi yake ɗaurin da hannunsa, don in ruwa ya shiga shi za a kama. Har manzon sarki, wanda ko barci zai yi jakar wasiƙarsa tana ƙarƙashin kansa, in ya zo bakin ruwa dole ya miƙa ta. Daga wannan gaɓa zuwa waccan, sirrin ƙasashe biyu yana hannun mutumin da ko riga babu a jikinsa. Manya sun yarda da haka ne saboda mai fito ba ya karatu, kuma ba ya faɗin abin da ya ɗauko. In ka tambayi mahaifinmu me ya haye da shi yau, amsarsa ɗaya ce, kaya.

Bukar bahago ne. An yi ta dukansa yana yaro har ya koyi cin abinci da dama, amma igiya da hagu yake murza ta, da hagu yake ƙulla ta. Ƙullinsa a juye yake fita, ba ya kwantuwa sai ka san kansa. Fatake sukan yi masa tsiya su ce gara a kawo wuƙa. Matarsa Yagana takan ce in ya ɗaure mata bakin taikin gero ya fita, ranar sai dai a sha fura a maƙwabta. Ba mai yawan magana ba ne, amma ni bai taɓa raga mini ba. Malam Ƙarami yake kirana, yakan kama tafin hannuna ya nuna wa mutane ya ce su taɓa su ji, wai ko jariri ya fi ni kanta.

Ya haura arba'in lokacin da ya same ni wani rani, kogi ya janye, ba aiki. Ya yi ta zagaye-zagaye kafin ya ce so yake in koya masa karatu. Ya ce yana jin kunyar ya tsaya gaban Ubangijinsa da surori uku da ya riƙe da ka tun yana yaro, ko baƙi ɗaya bai sani ba a cikinsu. Na ji daɗi ƙwarai, har da ɗan jin kai, don ranar ce ta farko da ya nemi wani abu a wurina. Na sa aka sassaƙa masa allo, muka riƙa zama bayan rumbuna in an yi la'asar, saboda ba ya so a gani. Karatun bai yi sauri ba. Ya gane babbaƙu da ƙyar, ya ɗan taɓa farfaru, sai na rubuta masa wata gajeriyar sura na ce ya je ya yi ta bi. Kowa ya san ba a wanke allo sai ɗalibi ya iya abin da ke kai ya biya wa malaminsa. Kafin ya zo ya biya, sai ruwan kogi ya dawo, ya koma mashigi da allonsa. Ni kuma hankalina ya tafi kan shirin tafiya gabas, ban sake tambayarsa ba.

A wannan daminar wani manzo ya zo daga yamma da ƙunshin kyaututtuka zai kai Kukawa. Bukar ya naɗe su, ya ɗaure, ya haye da su. Bayan wata uku, ruwa ya fara ja, manzon ya dawo fuska a sake, da ƙunshe-ƙunshe a kan dabbobinsa. Ya ce lafiya lau aka rabu, kayan nan kuma tukuici ne daga gabas. Gari ya ɗauka. Aka fara haɗa ayari, kowa na gaggawar ya riga wani kai goro. Ni ma na haɗa turkuɗi kayan jaki biyu, da niyyar in sayar a can in zauna shekara biyu in gyara rubutuna da tilawata, don a wannan fanni ba a ja da malaman gabas. Tun ina saurayi nake mafarkin tafiyar nan.

Saura kwana biyar a tashi, da hantsi, sai ga Bukar a ƙofar gidana wandonsa na ɗigar ruwa. Bai zauna ba.

"Idi, bana kada ka je gabas."

Ban tuna ranar da ya kira ni da sunana kafin nan ba. Na tambaye shi dalili.

"Na dai gaya maka. In kana ganin girmana, ka kwance kayanka."

Ya juya ya tafi. Na yi fushi, na kwana biyu ba na cin abinci sosai, amma na kwance. Kuskurena na farko shi ne, da abokin tafiyata Ɗanjuma mai goro ya matsa mini, sai na ce masa Yaya ne ya hana. Ɗanjuma ba wawa ba ne, ya san mai fito ba ya magana a banza. Shi ma ya fasa, ya gaya wa surukinsa, surukin ya gaya wa wani. Ranar tashi wasu suka noƙe, wasu suka yi mana dariya suka tafi.

Ba su kai ba. Suna kan hanya aka rufe ta. Gabas ta hana doki fita yamma, yamma ta riƙe goro. Aka tsare ayarin a wani garin iyaka, aka karɓe kayansu, aka ce 'yan leƙen asiri ne. Damina biyu suka yi a can. Mutum uku ba su dawo ba, kuma na san iyayensu duka.

Tun kafin su dawo aka fara tambayar da ba makawa sai an yi ta: yaya aka yi mai fito ya sani? In ya sani, me ya sa ƙanensa kaɗai ya gaya wa? Sai wani ya tuna ya taɓa hango shi bayan rumbu da allo a cinya. Wani ya tuna inda mahaifiyarmu ta fito. Masu kanwa suka ce yamma yake wa aiki, masu goro suka ce gabas ce ta saye shi. A shekarar nan ba abin da mutanen ɓangarorin biyu suka yarda a kai sai laifin Bukar.

Ni fa? Wannan ne wurin da alƙalamina yake ta tsayawa shekara da shekaru. Ni ma na zarge shi. Na ce a raina malaman gabas kullum ta hannunsa suke hayewa, wa ya sani ko ya ci gaba da karatu wurinsu a ɓoye, ya bar ni ina ɗaukarsa mai kan dutse? Na ga ya yi sabuwar riga da salla, na sa ido. Na ga murjani a wuyan Yagana, na sa ido. Mutumin da ya hana ni faɗawa rami, na zauna ina lura da rigarsa. Haka zaman tsakiya yake mai da mutum, amma ba zan ɗora wa zaman duka ba, da nawa halin a ciki.

An yi zaman binciken maganar a gindin tsamiyar mashigi, gaban wakilin da ke kula da mashigai. Wani daga cikin mutanen manzon nan yana zaune a gefe a kan buzu. Aka tambayi Bukar ko ya buɗe wasiƙar manzo.

"Ban taɓa buɗe wasiƙar kowa ba," in ji shi.

Aka ce to ta ina ya sani. Ya dubi mutumin da ke kan buzu, ya mai da kansa ƙasa, ya yi shiru. Aka maimaita har sau uku. Sai wakili ya juyo gare ni ya ce, "Malam Idi, kai ka koya masa karatu?"

Na ce, "Ni ne."

Ban yi ƙarya ba, kuma da wannan na daɗe ina rarrashin kaina. Amma akwai sauran magana. Ya kamata in ce ban taɓa jin ya haɗa aya ɗaya ba tare da tuntuɓe ba. Ya kamata in ce wasiƙar sarakuna da Larabci ake rubuta ta, irin wanda ni kaina sai na yi gumi kafin in warware shi. Ba a tambaye ni ba, ni kuma ban ƙara ba. Na ji tsoron in na ce bai iya ba, za a ce to ni na karanta masa. Kuma can ƙasan zuciyata ban tabbata bai iya ɗin ba. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ba da fushi ba, kamar mai jiran in ƙarasa. Na kau da kai ina gyara rawanina.

Aka karɓe fito daga gidanmu aka ba wani gida, aka ce ya bar bakin mashigi. Ya koma wata 'yar unguwar masunta wajen Baturiya, yana kama tarwaɗa Yagana tana banda. Shekara shida ya yi a can. Nakan je da salla, mu zauna a inuwa mu yi hirar ruwa da kifi da tsuntsayen da ke sauka a fadama. Bai taɓa tayar da maganar ba, ni kuwa na ɗauki shirunsa a matsayin amsa laifi, don hakan ya fi mini sauƙi. Ya ci gaba da kirana Malam Ƙarami. Yagana ce ta canza. Da can tsakanina da ita wasa ne irin na matar wa da ƙanin miji, ba na shiga gidan ba ta ɓoye mini takalmi ba. Tun daga ranar tsamiya sai dai ta gaishe ni daga bayan zana, ta miƙo ruwa, ta koma.

Zazzaɓin fadama ya ɗauke shi a farkon damina, kwana tara ya yi a kwance. Bayan sadakar bakwai, ina shirin komawa, Yagana ta fito ta durƙusa nesa da ni ta ajiye wani abu naɗe cikin tsumma. Allon ne, da guntun igiyar kaba mai ƙulli ɗaya. Rubutuna ne a kai, surar nan da na rubuta masa, tawadar ta koɗe, gefen allon ya yi santsi saboda riƙo.

"Bai wanke ba, Malam, don bai iya ba," ta ce. "Duk la'asar sai ya ɗauko ya yi ta fama, ya ce in ka zo zai biya maka. In ka zo kuma sai ya tura shi ƙarƙashin tabarma."

Tambayar da ta cinye ni shekaru ita ta fito daga bakina: to ta ina ya sani? Ta nuna igiyar da haɓarta.

"Kayan da manzon ya dawo da su, irin wannan ƙullin nasa ne a kai. Yadda ya ɗaure su haka suka je suka dawo. Ba wanda ya kwance."

Duk wanda ya san al'adar manya ya san kyautar da aka karɓa a gaban sarki ake buɗe ta, a yaba, a mayar da wata. Wadda ta dawo a ƙulle an ƙi ta ne, kuma bayan ƙin kyauta rufe hanya ke biyowa. Manzon ya ce tukuici ne, wataƙila haka aka umarce shi ya ce har ya isa gida, ban ɗora masa laifi ba. Amma bai san igiyar da ke kan kayansa tana da mai ita ba. Bukar ya gani tun kafin ya sa kayan a kan gora. Da ya faɗi haka a gindin tsamiya, ya ƙaryata manzon manya ke nan a gaban mutuminsa, ya kuma tona abin da ƙasashe biyu suke rufewa. Wannan ba fito kaɗai zai ci ba, kuma ba shi kaɗai zai ci ba, don ni ne bakin da maganar ta fita. Sau ɗaya ya karya ka'idar gidanmu a duk rayuwarsa, saboda ni, sannan ya rufe bakinsa, nan ma saboda ni.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga mashigin yau. Hanya a buɗe take, kanwa na shigowa, goro na fita, ana cewa zumunci ya dawo. Manzanni yanzu da mai ɗaurinsu suke tafiya, ba sa barin mai fito ya taɓa igiya, kuma sun ce saboda abin da Bukar ya yi ne. Ashe wani a cikinsu ya gane gaskiyar tun tuni, bai dai ga amfanin faɗa ba. Ni abin da nake gani bai kwantar mini da hankali ba. Kyauta na hayewa, amma kowane ɓangare yana ƙara wa ganuwar garuruwan iyakarsa tsawo. Akwai masu sayen doki da suka fi tambayar inda ruwa bai kai ƙugu ba fiye da tambayar haƙorin dokin. Akwai wani mai goro da ya yi wata biyu a kasuwa, goronsa na bushewa, ko a jikinsa. Wataƙila zumuncin na gaske ne. Wataƙila kuma kowa na sayen lokaci ne har dawakinsa su cika. Ina zarginsu duka, sannan ina zargin zargin nawa, don na ga abin da ya taɓa yi mini. Da Bukar ne, da zai tsaya ya dubi kayan, ya ga abin da zai gani, in ka tambaye shi ya ce maka kaya.

Za ku ce shekara goma sha tara ina riƙe da wannan me ya hana ni faɗa. Da farko tsoro ne, don wakilin da mutanen manzon suna raye. Bayan sun mutu sai kunya, saboda ba yadda zan wanke shi ban shafa wa kaina baƙi ba. Na ci gaba da zama malamin da ake gaisarwa da girma, 'ya'yansa mata kuwa suna aure ana raɗa cewa ubansu ne wancan. Yagana ta rasu bara waccan ba ta sake yi mini wasa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da ya rage na Bukar ba shi da yawa. Fito ya bar gidanmu, gorunansa sun fashe tun tuni. Akwai mutanen da suka fasa tafiyar nan, yau suna da jikoki, yawancinsu ba su san wa ya kamata su yi wa addu'a ba. Akwai igiyar, na sha gwada kwance ƙullin da hannun dama na kasa. Allon yana rataye a zaurena, kuma duk wanda ke shakka ya zo ya duba, ƙofata a buɗe take. Takardar nan zan kwafe ta da yawa, in ba ayarin gabas, in ba na yamma, ɗaya kuma in kai bakin mashigi in karanta da bakina a gindin tsamiyar, don tana nan ba ta faɗi ba.

Allah ya jiƙan Yaya Bukar, ya karɓi surori ukunsa da wadda ya mutu yana fama da ita. An yi mini tambaya a gaban jama'a na ba da rabin amsa, yau ga cikonta. Ni na koya masa karatu, kuma bai iya ba.